BA A FAFE GORA RANAR TAFIYA

Kowace shekara, da zarar an kammala jarrabawar fita sakandare ta WAEC da NECO, dubban samari da 'yan mata sukan koma gida su shiga zaman jiran jami'a. A cikinsu babu waɗanda zaman ya fi yi wa tsawo kamar masu burin zama likitoci, domin kuwa wani yakan shekara ɗaya, wani biyu, har ma fiye, kafin ya sami gurbi. Abin tambaya shi ne, me yaro zai yi da waɗannan watanni?

Dalilin wannan jira ba ɓoyayye ba ne. A shekarar 2024 mutum fiye da miliyan 1.9 ne suka yi rajistar jarrabawar hukumar JAMB, kuma aikin likita yana cikin fannonin da aka fi yi wa rububi. Amma jami'a ba ta da ikon ɗibar ɗalibai yadda ta ga dama, saboda Majalisar Kula da Aikin Likita da Haƙori ta Nijeriya ita ce ke ƙayyade wa kowace makarantar likitanci adadin da za ta ɗauka, gwargwadon malamai da kayan aiki da asibitin koyarwar da take da su. Ke nan yaro yana iya cin jarrabawa sarai, amma ya rasa wuri, don kawai wasu sun ɗara shi da maki kaɗan.

To, abu na farko da ya kamata mai jira ya yi shi ne ya dubi takardar sakamakonsa da idon basira. Ana bukatar kiredit biyar, watau a Ingilishi da Lissafi da Fiziks da Kemistiri da Bayoloji, kuma jami'o'i da yawa ba sa karɓa sai an same su a zama ɗaya. Wanda ya ga giɓi a takardarsa, gara ya sake zama jarrabawar tun da wuri, maimakon ya yi ta sayen fom ɗin JAMB alhali kuwa tushen ginin bai zauna ba.

Na biyu shi ne shirin ita jarrabawar JAMB ɗin kanta. Tun daga shekarar 2015 da kwamfuta ake yin ta baki ɗaya, kuma tambayoyi 180 ne a cikin sa'a biyu: 60 na Ingilishi, sa'an nan 40 a kowane ɗaya daga cikin sauran darussa uku. Wanda bai taɓa zama gaban kwamfuta ba sai ranar jarrabawa, lalle lokaci zai ƙure masa ko da ya san amsa. Saboda haka ya dace yaro ya tsara wa kansa jadawali kamar yana makaranta, ya ware sa'o'in safe don karatu, ya riƙa gwada kansa da tsofaffin tambayoyi yana duban agogo. Ya kuma tuna cewa sakamakon shekara ɗaya kawai yake aiki, makin bara ba ya shigar da mutum bana. Har ila yau, tun 2021 ba a yin rajista sai da lambar shaidar ɗan ƙasa, don haka duk wani saɓani na suna ko ranar haihuwa, yanzu ne lokacin gyara shi.

Akwai kuma wata hanya da iyaye da yawa ba su lura da ita ba, watau shirin IJMB wanda Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ke gudanarwa, da takwaransa JUPEB wanda ya fi ƙarfi a jami'o'in kudu. Wanda ya ci su da kyau yana iya neman shiga aji biyu kai tsaye. Ko da bai sami likitanci ta nan ba, ilmin Kemistiri da Bayolojin da ya ƙaru da shi ba zai tashi a banza ba.

Sai dai aikin likita ba cin jarrabawa ne kaɗai ba. Aiki ne na mu'amala da mutum a lokacin da yake cikin ciwo da tsoro. Yana da kyau mai wannan buri ya gwada zuciyarsa tukuna. Ƙungiyar agaji ta Red Cross tana koyar da taimakon gaggawa a rassanta na jihohi, haka kuma 'yan agaji na ƙungiyoyin addini. Wanda ya nemi izini ya yi aikin sa kai a ƙaramin asibitin unguwarsu, ko da jera kati ne ko tura keken marasa lafiya, zai gane ko yana iya jure ganin jini da kukan yara da tsayuwar dare. Amma a nan akwai kashedi babba: zama a kantin magani ana yi wa mutane allura ko rubuta musu magani ba koyon aiki ba ne, ganganci ne da rayukan bayin Allah, kuma doka ta hana.

Ga 'ya'yan Hausawa mazauna Sabo ta Ibadan, ko Agege, ko Idi-Araba a Ikko, akwai wata dama ta musamman. Asibitin koyarwa na Jami'ar Ikko a nan Idi-Araba yake, na Jami'ar Ibadan kuwa, wanda aka buɗe a 1957, ba shi da nisa da Sabo. Likita ba ya gano cuta sai ya ji bayanin majiyyaci, saboda haka yaron da ya ƙware a Yarabanci ko Ibo, ga kuma Hausa da Ingilishi, ya riga ya mallaki wani kayan aiki da ba a koyarwa a aji.

Batun kuɗi ma abin dubawa ne. Karatun likita shekara shida ne idan babu tangarɗa, sai shekara ɗaya ta sanin makamar aiki a asibiti, sai kuma ta hidimar ƙasa. Tangarɗa kuwa takan faru: a 2022 yajin aikin malaman jami'a ya rufe azuzuwa har wata takwas. Wanda ya koyi ɗinki, ko gyaran waya, ko ya riƙa koyar da ƙananan yara da yamma, zai sami abin sayen littattafai, ya rage wa iyayensa nauyi. Su kuma iyaye su yi hattara da 'yan damfara masu cewa a kawo kuɗi su samar da gurbi, domin tun 2017 duk gurbin da bai bi ta na'urar tantancewa ta JAMB ba, ba shi da inganci.

Dokta Barau Dikko, likitan farko daga Arewacin Nijeriya, sai da ya bar Wusasa ya je King's College ta Ikko, daga nan ya haye teku zuwa Jami'ar Birmingham a Ingila, kafin ya sami abin da yake nema. A yau ga makarantun likitanci a Zariya da Kano da Sakkwato da Maiduguri da Jos da sauran birane. Hanya ta matso kusa, sai dai masu binta sun yi yawa. Wanda ya ɓatar da watannin jiransa a majalisar shayi da latse-latsen waya, zai tarar da takwarorinsa sun yi masa nisa. Wanda kuwa ya fafe gorarsa tun kafin ranar tafiya, ko gurbin ya jinkirta, ba zai ce ya yi hasarar shekara ba. Allah ya ba mai rabo sa'a.