Ga 'ya'yanmu na Turai: a tambaya kafin a tsinka

Jama'a, kewar zoɓon gida ta sa wasu 'ya'yanmu masu karatu a Jamus da Ingila suna tsinko 'ya'yan wardin daji a watan Oktoba, su dafa abin sha mai tsami. Mun yaba da dabarar: yana da bitamin C sosai, Jamusawa ma kan haɗa shayinsa da zoɓo.

Sai dai ba kowane jan ɗan itace ake ci a can ba, wani guba ne. A sami ɗan ƙasa ya nuna tukuna. A cire ƙwayoyin ciki da gashinsu mai ƙaiƙayi, a tace da ƙyalle sau biyu.

Iyaye, ku isar musu. Matambayi ba ya ɓata. Allah Ya tsare.