Kujerar Kansila: Fa'idodinta da Illolinta

Gyaran 1976 ne ya kafa tsarin ƙananan hukumomi na bai-ɗaya a Nijeriya. Yau adadinsu 774 ne, 44 daga ciki a Jihar Kano, kuma kowace an kasa ta mazaɓu, kowace mazaɓa da kansilanta. Wannan kujera ce mai sha'awar hidimar jama'a yakan fara hange, don haka ta cancanci a auna ta kafin a sayi fom.

Fa'idodi

Babbar fa'idarta kusanci. Sanata sai an yi takakkiya ake ganinsa, kansila kuwa sahu ɗaya yake bi da waɗanda suka zaɓe shi. Idan famfon tuƙa-tuƙa ya lalace, ba sai an rubuto masa ba, 'ya'yansa na cikin masu yawo da jarka. In ya matsa aka gyara, washegari zai ga mata sun yi layi suna ɗiba. Ba kowane muƙami ke nuna wa mutum amfanin guminsa da wuri haka ba.

Ayyukan da kundin tsarin mulkin 1999 ya danƙa wa ƙaramar hukuma ba na ado ba ne: kasuwanni, tashoshin mota, maƙabartu, kwashe shara, rajistar haihuwa da mutuwa, da sa hannu a makarantun firamare da ɗakunan shan magani. Ana raina su, amma a kansu rayuwar talaka take juyawa.

Kujerar makaranta ce kuma. Mai ita yana koyon karanta kasafin kuɗi, da sasanta manomi da makiyayi, da zama da dagaci da mai unguwa da liman ba tare da ya take ƙafar kowa ba. Wasu daga nan suke wucewa majalisar jiha, ko da yake ba su ne suka fi yawa ba.

Illoli

Kusancin nan shi ne nauyin. Kafin a shafa addu'ar asuba zaure ya cika: wannan da takardar magani, wancan da katin biki, ga wata dattijuwa an koro jikanta saboda kuɗin jarrabawa. Kusan duk buƙatun na gaskiya ne, albashin kuwa bai kai ya ɗauke su ba. In ya hana a ce ya canza, in ya bayar ya ci bashi. Daga nan ne wasu, ba duka ba, suke fara miƙa hannu inda bai kamata ba.

Ikon bai kai girman sunan ba. Sashe na 162 na kundin tsarin mulkin ya tanadi asusun haɗin gwiwa tsakanin jiha da ƙananan hukumomi, kuma shekara da shekaru gwamnoni ke juya kuɗin. Ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, ta kuma haramta naɗa kantomomi a madadin zaɓaɓɓu. Hukuncin ci gaba ne, sai dai aiwatarwar tana tafiyar hawainiya. Ko kuɗin sun iso, hannun ciyaman za su faɗa. Kansila shawara da ƙuri'a gare shi a zauren majalisa.

Hukumar zaɓe ta jiha ce ke shirya zaɓen, kuma a mafi yawan jihohi jam'iyya mai mulki ke lashe kusan kowace kujera. Saboda haka tikiti ya fi ƙuri'a tsada, kansila ya wayi gari da iyayen gida biyu: jama'ar mazaɓarsa, da wanda ya tsaya masa.

Wa'adin gajere ne, ya kuma bambanta daga jiha zuwa jiha. Wanda ya rufe shagonsa ko ya ajiye koyarwa don kujerar yakan dawo ya tarar abokan cinikinsa sun koma wani wuri. Kuma ba ƙaura zai yi ba: kullum zai riƙa wucewa ta gefen kwalbatin da ya yi alkawari bai samu ikon ginawa ba, yana gaisawa da mutanen da ya yi wa alkawarin.