Waiwaye: Abin da Gambo Sawaba ta sha ɗauri a kansa

Mu mutanen Hanwa da Samaru, in rashin lafiya ta nufa da mu Ƙofar Gayan, sai mu ce wa mai Keke Napep, "Asibitin Gambo Sawaba." Sunan ya zauna a bakinmu har mun daina jin nauyinsa. Tambayi yaranmu ko wace ce, in an yi sa'a wani ya ce, "Matar nan da aka ɗaure sau 16." A kan me aka ɗaure ta? Nan ne kowa ke yin shiru, har da mu manya.

Hajaratu ne sunanta na yanka. An haife ta a 1933, aka yi mata aure tana 'yar shekara 13, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Da aka kafa jam'iyyar NEPU a 1950, ba ta daɗe ba ta shiga, har ta zama shugabar matan jam'iyyar. Daga Sabon Garin nan namu take fita, gida-gida, wajen matan kulle, tana yi musu maganar auren wuri da aikin tilas da karatun 'ya mace. A kan wannan gwagwarmaya ta sha ɗauri, ta sha duka a hannun 'yan daba, da ta kai ta Kano kuma hukuma ta kore ta daga can. A wancan lokaci ita kanta ba ta da ƙuri'a, balle kujerar majalisa, don sai 1976 matan Arewa suka samu damar zaɓe.

Yau 'yar siyasa ta raba atamfa da shinkafa, mu ce ta yi wa mata aiki. Allah ya kyauta.

Hajiya ta rasu a Oktoban 2001, ba ta ga dokokin kare yara da mata da idonta ba. Dokar kare haƙƙin yara ta tarayya ta zo a 2003, dokar hana cin zarafi kuma a 2015, Jihar Kaduna ta yi nata a 2018. A 2020 jihar ta ƙara da hukuncin dandaƙa ga wanda ya yi wa ƙaramar yarinya fyaɗe. A asibitin nan mai sunanta ma aka buɗe cibiyar Salama don kula da waɗanda aka yi wa wannan ta'asa.

Duk da haka, in abin ya faru a layinmu, mu ne ke taruwa a zaure, mu ce a rufa asiri, a yi sulhu. Mai laifi ya koma harkarsa, yarinya ta koma ɗaki da ciwonta. Iyayena da 'yan'uwana, in ta faru, a fara kai yarinyar asibiti, sannan a kai maganar gaban hukuma.