Rigimar Fashaga daban, ƙofar Gallabat daban

Duk lokacin da ƙura ta tashi a iyakarmu da Habasha, abin da hukuma ke fara yi shi ne ta garƙame ƙofar Gallabat. An yi haka a ƙarshen watan Yunin 2022, bayan rundunar sojan Sudan ta zargi Habasha da kashe sojojinta bakwai da farar hula ɗaya da aka kama, Habasha kuma ta ce ba sojojinta suka yi ba. Sai da Janar Burhan da Abiy Ahmed suka gana a Nairobi a farkon Yuli sannan aka buɗe. An sake rufewa a Satumban 2024, lokacin da mayaƙan Fano na Amhara suka shiga Matamma, garin da ke kallon Gallabat ta can ƙetare. Wannan rufewa ta biyu tana da hujja, ana harbi a bakin gada. Amma ɗabi'ar mayar da ƙofar abin huce haushi, ita nake ganin ya kamata mu mutanen Gadarif mu daina yi wa tafi.

Kada wani ya ce na sayar da Fashaga. Ƙasar nan mai baƙin laka da ke tsakanin kogunan Sitit da Basalam da Atbara ta Sudan ce. Yarjejeniyar 1902 tsakanin Ingila da Sarki Menelik na Biyu ta tsara iyakar, a 1903 wani hafsan Ingila, Manjo Gwynn, ya bi daji ya kafa alamomi. Habashawa suna ƙorafin cewa shi kaɗai ya yi aikin, babu wakilinsu. Duk da haka gwamnatocin biyu sun yi musayar takardu a 1972 a kan wannan layin, a 2008 kuma, zamanin Bashir da Meles Zenawi, aka yi fahimtar juna: Habasha ta amince da iyakar, Sudan ta bar manoman Habasha su ci gaba da nomansu. Abin da ya sa manomanmu suka kwashe shekaru ba sa iya taka gonakinsu kowa ya sani. Bayan yunƙurin kashe Husni Mubarak a Adis Ababa a 1995 gwamnatin Bashir ta shiga tsaka mai wuya, ta kau da kai, masu bindiga suka mamaye. Da yaƙin Tigray ya ɓarke a Nuwamban 2020 sojojinmu suka koma suka karɓe mafi yawan yankin. Wannan magana ce ta kwamitin iyaka da masu awon ƙasa, su zauna su kafa duwatsu. Direban lori da mai yankan riɗi ba su da hannu a ciki.

Riɗin ma shi ne abin da ya fi damuna. Wanda bai taɓa nomansa ba bai san cewa ba ya jira ba. Dawa za ta iya tsayawa a gona ta jira ka. Riɗi kuwa da zarar ya nuna, kwanaki kaɗan ne, kwanson ya tsage, ƙwayar ta zube a ƙasa, aikin damina guda ya tafi. Da lauje ake yankansa, a ɗaure dami-dami a jingine, kuma tun da daɗewa hannayen da ke wannan aiki a manyan gonakin Gadarif da yawansu daga tsaunukan Gondar suke saukowa ta Matamma. In an rufe ƙofa ba fasa zuwa suke ba, ta daji suke bi, ba takarda, ba wanda ya san wa ya shigo. Kuɗin aiki ya hau. Babban manomi mai tarakta ya biya ya wuce, ƙaramin manomi sai ya juya ya dubi 'ya'yansa. Ni malamin makaranta ne, rajistar aji a hannuna take: a shekarar da ma'aikata suka yi ƙaranci, kujerun yara maza su ne ke fara zama fanko a watan Oktoba, wasu kuma ba sa dawowa.

'Yan shifta da ke sace manomi su nemi kuɗin fansa, su ma ba ta gada suke shigowa ba balle a ce rufe ta zai tare su. Mai gaskiya kaɗai ake tarewa, mai kawo gahawa da tafarnuwa da zuma, mai kai albasa da sabulu. Layin wutar lantarkin da ya taso daga Habasha ta Matamma ma a nan Gadarif ya sauka, an ƙaddamar da shi a 2013. Ban taɓa jin wanda ya ce a tsinke shi saboda kishin ƙasa ba.

Akwai kuma abin da ya shafe mu mu Hausawa musamman. Na ji wasu matasanmu a majalisa suna cewa a kori Habashawa kaf, baƙi ne. Subhanallahi. Mu ne fa a Yulin 2022 aka kashe 'yan'uwanmu a jihar Nilu Shuɗi, aka ce mana baƙi marasa ƙasa, har muka fito zanga-zanga a Gadarif da Kasala da Khartum. Mu ne ake sa wa ido in mun je neman takardar jinsiyya, alhali kakanninmu a nan aka binne su. Kalmar da aka yanka mu da ita ba ta dace da bakinmu ba. Kasuwar Gallabat ɗin kanta Takarir ne, mutanen yamma da suka yada zango a hanyar Makka, suka raya ta tun kafin Bature ya zo da taswirarsa. Sahabban Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wurin Najashi suka fara samun mafaka. Mu ma mun karɓi dubban 'yan Tigray a sansanin Um Rakuba, sai ga shi daga 15 ga Afrilun 2023 namu ne ke tsallaka gadar da jakunkuna a ka, suna neman hanyar Gondar da Adis Ababa.

Abin da nake roƙon gwamnatin wilayar Gadarif bai fi ƙarfinta ba. A da ana yin tarukan raya iyaka tsakanin wilayoyinmu na gabas da jihohin Habasha da ke maƙwabtaka da su. A farfaɗo da na Gadarif da Amhara, ko da a matakin jami'an Gallabat da Matamma ne. A ba ma'aikatan kaka kati mai hoto da sunan gonar da za su, a yi shi da araha a bakin gada, yadda ba wanda zai gwammace daji. In tsaro ya tilasta rufewa, a faɗi dalili, a faɗi ranar da za a sake dubawa. Su kuma shugabanninmu na gargajiya su nemi kujera a teburin, domin 'yan'uwanmu masu noman bakin kogi da kamun kifi a gaɓar Atbara da Sitit suna cikin waɗanda ke fara jin harbi, amma ba kasafai ake tambayarsu ba. A yi wannan tun riɗi yana fure, kafin manoma su fara wasa lauje.