Akwatin kifi a falo: ina ruwan da ya ƙafe yake zuwa?

A ƙarshen daminar bara wani abokina, ɗan kasuwa mai sayar da shadda a Maraɗi, ya kira ni gidansa domin in ga asarar da ya yi. Turame shida da ya ajiye cikin kabad na falo sun yi baƙin tabo, ɗakin kuma sai warin fumfuna yake. Ya riga ya zargi magini, ya sa an hau an duba kwano, ba a samu yoyo ba. Ni kuwa da na shiga, idona bai tsaya ko'ina ba sai kan akwatin gilashin nan mai ƴan kifaye jajaye da ya sayo daga Yamai, a buɗe, babu murfi, famfon iska na ta ɓulɓula a ciki dare da rana.

Mai karatu, yi lissafin nan tare da ni. Akwatin da tsawonsa mita 1 ne, faɗinsa santimita 40, idan ruwansa ya ragu da santimita 1 kacal, lita 4 ke nan suka bar shi. Ba kifi ne ya sha ba, iskar ɗakin ce ta kwashe. Ita kuma iska tana da iyakar abin da take iya ɗauka: a zafin digiri 30, kowane kubik mita ba ya riƙe fiye da wajen giram 30 na ruwa, a digiri 20 kuwa sai 17. Ke nan falo mai mita 5 bisa 4, tsayinsa mita 3, ko lita 2 ba ya riƙewa. Abin da ya yi saura sai ya nemi wurin sauka: bango mai sanyi, bayan kabad, kafet, tufafi, da takardu. Ma'aikacin da ya adana takardar filinsa ko ta shaidar karatunsa a falon, shi ma maganar ta shafe shi.

Ban ce a fasa akwatin ba. A ƙasarmu, watanni da yawa na shekara alheri ne. Cikin hunturu da farkon bazara laimar iska da rana takan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin 100, leɓe na tsagewa, yara na haɓo. Ɗan danshin da akwatin ke bayarwa a lokacin ba wanda zai ƙi shi. Matsalar ta Yuli da Agusta ce, sa'ad da laimar waje kanta kan haura kashi 70, alhali masana lafiyar gidaje suna son ta tsaya tsakanin 40 da 60. Duk mai na'urar sanyaya ɗaki ta ruwa ya san wannan: a Afrilu tana sanyaya jiki, a Agusta sai ta bar mutum yana danƙo. Akwatin kifi ƙanenta ne, sai dai shi ba a kashe shi.

Magani na farko, kuma mafi araha, murfi ne. Gilashi da mai yankan madubi zai yanka daidai bakin akwatin, a bar ƴar kafa ta iska, ya isa ya mai da yawancin tururin cikin ruwan. Sannan a janye akwatin daga jikin bango kamar taƙi guda, a fitar da kaya masu daraja daga ɗakin, a riƙa buɗe tagogi da rana idan sama ta washe. Mai kilimatiza ya fi sauƙi, domin ruwan da ke ɗiga daga bututunta na waje laimar ɗakin ce take tsotsewa. Amma in an ɗauke wuta, tagogi a rufe, sai raɓa ta kwanta kan duk abin da ya yi sanyi. A kula da wayoyin wuta da ke bayan akwatin.

Wani abu da masu kifi ke mantawa: ruwa ne kaɗai ke tashi, gishiri da dattin cikinsa suna nan. Mai ciko kawai ba tare da ya riƙa kwashe wani kashi yana canzawa ba, kifayensa ne za su biya.

Abokina ya sa murfi, ya manna ɗan sikoci a jikin gilashin daidai bakin ruwa, yana dubawa kowace Juma'a. Turamen dai ya karyar da su a rabin kuɗi.