Kiwon lafiya na gwamnati da inshorar lafiya mai zaman kanta

Kiwon lafiya na gwamnati tsari ne da hukuma ke biyan kuɗin jinyar jama'a daga haraji. Inshorar lafiya mai zaman kanta kuwa yarjejeniya ce tsakanin mutum da kamfani: yana zuba wani kaso duk wata, kamfanin ya ɗauki nauyin jinyarsa gwargwadon abin da aka rubuta. Birtaniya da Amurka su ne aka fi kafa misali da su a wannan muhawara, kuma kowacce tana da abin da ke tare mara lafiya a bakin ƙofa, ɗaya layi, ɗaya kuɗi.

Birtaniya

An kafa hukumar NHS ranar 5 ga Yuli 1948, lokacin da Aneurin Bevan yake ministan lafiya. Mara lafiya ba ya biyan ko sisi idan ya ga likita ko aka kwantar da shi, sai 'yan abubuwa kamar aikin haƙori da kuɗin magani a Ingila. Da yake gwamnati ce babbar mai saye, tana da bakin taya farashi, kuma hukumar NICE tana auna ko amfanin sabon magani ya kai kuɗinsa kafin a karɓe shi. Inda gizo ke saƙa shi ne jira. A watan Satumba 2023 ayyukan asibiti da ke kan layi a Ingila sun haura miliyan 7 da rabi. Mai hali yakan sayi inshora ya tsallake layin.

Amurka

Tsarin Amurka ba wani ne ya zauna ya tsara shi ba. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu gwamnati ta taƙaita ƙarin albashi, sai kamfanoni suka riƙa jawo ma'aikata da inshorar lafiya, dokar haraji ta 1954 kuma ta tabbatar da cewa ba a cire haraji a kanta. Tun daga nan inshorar mafi yawan ma'aikata ta rataya a wuyan aikinsu, wanda aka sallama yana iya rasa biyun a lokaci guda.

Kuskure ne a ce tsarin na 'yan kasuwa ne zalla. A 1965 shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a kan Medicare don masu shekara 65 zuwa sama, da Medicaid don marasa ƙarfi, kuma yau kusan rabin kuɗin lafiya a ƙasar daga gwamnati yake fitowa. Dokar Obama ta 2010 ta hana kamfanoni ƙin karɓar mutum saboda cutar da yake da ita tun farko. Duk da haka, a 2023 kimanin mutum miliyan 26 ba su da inshora.

Mai inshorar ma bai tsira ba. Akwai adadin da dole ya fara biya daga aljihunsa kowace shekara kafin kamfani ya sa hannu, kuma kamfanin yana iya ƙin biyan aikin da likita ya rubuta. Amurka tana kashe sama da kashi 17 cikin ɗari na tattalin arzikinta a kan lafiya, Birtaniya kimanin kashi 11, amma a matsakaici Ba'amurke ya fi ɗan Birtaniya gajeren rai. Tsadar ta fi fitowa daga farashin magani da na asibiti da ɗawainiyar takardu. Sai a dokar 2022 aka ba Medicare ikon taya farashin wasu magunguna. Abin da masu kare tsarin ke nunawa, kuma da gaskiyarsu, shi ne mai inshora mai kyau yana samun tiyata da sabon magani da wuri.

Holand da Suwizalan sun nuna cewa kamfani da hukuma ba kishiyoyi ba ne. Kamfanoni ne ke sayar da inshora a can, amma doka ta tilasta wa kowa saye, ta kuma hana a kori mara lafiya. Ta haka kuɗin masu lafiya ke ɗaukar nauyin marasa lafiya, kamar yadda haraji ke yi a Birtaniya.

Najeriya

Wannan tilastawar ce Najeriya ta rubuta a dokar NHIA da shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Mayu 2022. Sai dai sama da kashi 70 cikin ɗari na kuɗin jinya a ƙasar har yanzu daga aljihun majinyaci da danginsa yake fita. Manomi da ɗan kasuwa ba su da albashin da za a yanka duk wata. Ghana, wadda ta kafa nata tsarin a 2003, ta bi ta kan wannan matsala da harajin kashi 2.5 a kan kaya da ayyuka.