Kaka Da Lokacin Kaka

Akwai masu ganin ya kamata a keɓe wa kakanni mata rana guda a shekara, a yi musu biki kamar yadda ake yi a Turai. Mutanen Folan suna yin tasu ran 21 ga Janairu. Ta Faransa kuwa Lahadin farko ce ta watan Maris, kuma wani kamfanin kofi ne ya ƙago ta a 1987. Ɗan kasuwa ba ya bukatar a yi masa fassarar wannan, gama mai haja ne ya nemi ranar ciniki.

Ba a kushe niyyar masu wannan shawara. Bahaushe ya san darajar kakarsa: ita ce kan gaba a wankan jego, ɗakinta ake kai yaye, ita ke kiran jikanta miji, jikanyarta kishiya. Amma a ƙasar Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa aikin kaka ya wuce wasa da tatsuniya. A watan Yuni na 2020 'yan bindiga suka faɗa wa Kadisau ta ƙasar Faskari, a Yunin 2024 kuma 'Yargoje ta ƙasar Ƙanƙara, kowane wuri aka rasa rayuka da yawa. Inda aka kashe magidanci, sau da yawa matarsa takan fita takaba ta yi wani aure, ko ta tafi birni neman abin sawa a baka. 'Ya'yan kuwa sai ɗakin tsohuwa.

Malamai sun san hukuncin. A mazhabar Malikiyya, in uwa ta rasu ko ta auri bare, riƙon yaro yana komawa ga mahaifiyarta. In kuwa ɗan tsohuwar ne aka kashe ya bar 'ya'ya, sudusi ne gadonta. To, sudusin me za ta ɗauka a gidan da aka kore shanunsa, aka ƙone rumbunsa?

Ga inda ya kamata a tsaya a duba. Risala ta Ibnu Abi Zaidin ta tsayar da ciyarwa ta wajibi a kan mata, da iyaye matalauta, da 'ya'ya. Kaka ba ta ciki, jika ba ya ciki. Watau shari'a ba ta aza wa tsohuwar nan tuwon marayu ba, tausayi ne ya aza mata, tana kuwa ɗauke da shi da ƙafar da ba ta iya zuwa rijiya. Ta wannan ƙofa zakka ta halatta gare ta in matalauciya ce, ko da daga hannun jikanta, tun da ciyar da ita ba wajibinsa ba ne.

Ƙasar nan ta masara ce da dawa. Wanda Allah ya ba ikon shiga gonarsa, amfaninta ya kai wusƙi 5, watau sa'i 300, ushiri ya hau kansa. Hausa ta kira tsohuwa kaka, ta kira lokacin girbi kaka, saboda haka mai neman ranarta ba sai ya aro daga Faransa ba.

Lalle ne limami da mai unguwa su rubuta sunayen tsofaffin da ke riƙe da marayu tun kafin a karya masara, don a san ƙofar da za a sauke buhu. Fataken hatsi da na dabbobi masu cin kasuwar Sheme su tuna da takardar nan ran da za su fid da ɗaya cikin 40 na dukiyarsu. Malaman allo kuma su yafe kuɗin Laraba ga duk yaron da kakarsa ce ta kawo shi makaranta.